Zaren Gyalen Hajiya

Ko da zan manta da komai na zamana a garin Greensboro na Amurka, ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na fara yin baƙi ba. Har yau idan abin ya faɗo mini a rai sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi, ko da kuwa ni kaɗai ne a cikin mota.

Bari in fara da yadda nake zaune a lokacin, don ku san irin ƙishirwar mutane da ta kai ni ga abin da na yi. Ina aiki a wani katafaren sito da ke kan titin Wendover, inda ake lodin kaya daga safe har yamma, ba mai ce maka uffan sai na'urar da ke hannunka. Iyalina suna Haɗeja suna jiran takardu, jiran da har na daina ce musu ya kusa. Ɗakina yana saman bene a bayan titin Gate City Boulevard, kuma komai na cikinsa tilo ne: kofi, faranti, cokali, kujera. Akwai Hausawa a garin, yawancinsu mutanen Nijar, kuma wallahi mutanen kirki ne. Mukan haɗu a masallaci ranar Juma'a, a gaisa, a tambayi aiki da iyali, sai kowa ya dubi agogo ya nufi motarsa. Su sun san juna tun daga gida, wannan ƙanen matar wancan ne, wancan tare suka taso a Maraɗi. Ni kuwa sunana "mutumin Najeriyan nan mai shiru". Ba wanda ya ƙi ni. Kawai dai ba wanda ya taɓa hawo matakalar nan ya ƙwanƙwasa mini ƙofa, in ban da mai gyaran famfo. Abin yana ci mini rai ƙwarai, sai dai ba na faɗa wa kowa.

Wata Asabar na shiga wani kantin kayan farauta da kamun kifi don in sayi rigar ruwa. A can ƙuryar kantin na hango wasu tsofaffin Turawa sun kewaye tebur, kowa ya sunkuya da tabarau a kan hanci, yana naɗa zare a jikin 'yar mitsitsiyar ƙugiya. Na tsaya kallo. Ɗaya daga cikinsu ya turo mini kujera da ƙafa, ko ɗago kai bai yi ba. (Na manta rabon da wani ya ba ni wurin zama don ra'ayin kansa, saboda haka na zauna.) Ashe wani salon fatsa ne. Maimakon a sa wa ƙugiya tana, sai a ɗaure mata gashin tsuntsu da na dabba har ta koma kamar ƙwaro. A wurga ta a ruwa da doguwar sanda mai lanƙwasa, kifi ya zaci ƙwaro ne ya faɗo masa, ya cafke. Daga nan sai a zare masa ƙugiyar a hankali a mayar da shi ruwa. Eh, a mayar da shi. Ni da na taso a bakin kogi, ranar da na fara jin haka sai da na juya baya na yi dariya.

Ba a jima ba sai ga mai dariya ya sayi sanda, ya sayi ɗan ƙarfen da ke riƙe ƙugiya, ya sayi fitila mai gilashin ƙara girma. Ranar hutu in tuƙa mota zuwa duwatsun yamma, in tsaya cikin ruwan sanyi har gwiwa ina yaudarar wani kifi mai ɗigo-ɗigo. Bayan an tashi aiki kuma in zauna ina ɗaure ƙwarin ƙarya. Gaskiyar magana ba kifin nake so ba. Abin da nake so shi ne in ɗago kai in ga yamma ta wuce ban ji ta ba.

To shi wannan aiki kayan haɗi yake ci. Akwai wuyan zakara da fatarsa, akwai gashin zabuwa, akwai jelar barewa, akwai gashin ɗawisu, akwai kuma busasshiyar fuskar zomo, da kunnuwanta da gashin bakinta, ana sayar da ita a leda kamar biskit. Sai wata dabara ta zo mini. Akwai wata gona a bayan gari inda mutanenmu ke zuwa yanka, kuma mai yankan wani bawan Allah ne ɗan Nijar, Mamman. Na ja shi gefe na ce duk ranar da aka yanka baƙin zakara ya feɗe mini wuyan da gashinsa, kada ya bari ya taɓa ruwan zafi. Na ce ina son gashin zabuwa, na ƙirji. Da layya ta zo na ƙara da gemun bunsuru. Mamman ya dube ni ya tambayi abin da zan yi da su. A nan na tafka wautar farko. Kunya ta hana ni cewa ni, magidanci mai 'ya'ya, ina zama ina ƙera ƙudajen wasa. Sai na rage murya na ce masa shi dai ya ajiye mini, kuma don Allah kada ya gaya wa kowa. (Ku da kuke karantawa kun riga kun ga inda aka dosa. Ni ban gani ba.)

Wauta ta biyu ta fi ta farko girma. An yi sanarwa a masallaci cewa akwai sunan jikar Alhaji Mahamadu a gidansa da ke unguwar Sedgefield, kowa ya zo. Alhaji Mahamadu shi ne babbanmu a garin, shi ake kira idan an yi rasuwa ko rigima. Na sa kaftanina na tafi. A kwanakin ina fama da wani ƙwaro da ake yi wa jiki da gashin kunnen zomo, a zagaye shi da zaren gwal. Zaren da ake sayarwa a kanti ya cika ƙyalli, kuma na sa a raina cewa shi ke korar mini kifi. Ina zaune a gefen falo da farantin shinkafa a cinya, hira tana ta wuce ni ta sama, sai Hajiya, matar Alhaji, ta gifta da tiren nama. Gefen gyalenta ya maƙale a marikin ƙofa, ta fizge ta wuce, ta bar wani dogon zare yana lilo.

Jama'a, zaren nan ya haɗu. Siriri, ruwan gwal amma mai duhu-duhu, daidai abin da nake nema. Na ajiye faranti na tashi. Na warware shi daga marikin a hankali, na ɗaga shi wajen haske ina murmushi. Sannan, da yake launin zare yakan canza idan ya jiƙe, sai na ja shi a kan harshena don in ga yadda zai kasance a ruwa. Ya yi kyau. Na naɗe shi a takardar goge hannu, na sa a aljihun ƙirji na dafa. Da na juyo sai na ga mata sun yi cirko-cirko a ƙofar kicin suna kallona. Na yi musu barka da taro, na koma kan shinkafata.

Juma'ar da ta biyo, ina ɗaura takalmi a ƙofar masallaci, sai na ji an dafa kafaɗata. Alhaji Mahamadu ne. Ya tambaye ni ko gobe bayan la'asar ina gida, yana so su leƙo shi da Malam Isufu, malamin da ke koya wa yara karatu, wanda kuma ake kira idan ana bukatar addu'a. Ban san lokacin da na ce ina nan ba, ina nan, ko'ina ba za ni ba.

Wallahi ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba tun da na zo ƙasar nan. Tun a mota na kira matata na ce mata zan yi baƙi, manyan baƙi. Ita ma ta yi murna, ta karanto mini yadda zan haɗa miyar taushe, ta ja mini kunne kada in cika gishiri. Na biya kantin kayan Afirka na sayo dabino da kilishi da citta. Na sayi kofuna na gilashi masu bakin gwal, saiti guda, da farantai, da darduma sabuwa. Na share ɗaki, na goge har saman firij inda ba mai gani.

Daga nan sai na tsaya ina tunanin abin da zan nuna wa baƙi, don ɗakin fayau yake, ko hoton bango babu. Sai na ce ai ina da abin nunawa. Na shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur na jera dukiyata: wuyan baƙin zakara a tsakiya, gashin zabuwa a kwalba, gemun bunsuru, jelar barewa, zare ja da baƙi, allurai, reza, ƙananan kwalabe, sannan fuskar zomo a jingine tana kallon ƙofa. Na saki labule saboda rana tana kashe launin gashi, na kunna 'yar fitilata. Da na ji ɗakin yana ɗan warin fata sai na zuba turaren wuta, na zuba da yawa. Na tsaya daga bakin ƙofa na duba, na yaba wa kaina.

Suka iso. Malam Isufu ya daɗe a bakin ƙofa leɓɓansa suna motsi kafin ya sako ƙafar dama, na ce a raina kai, malamin nan akwai riƙo da sunna. Na ba shi kujera, ni da Alhaji muka zauna a darduma. Na zuba shayi a sababbin kofuna, na tura musu dabino. Alhaji ya ce a ƙoshe suke. Na ce ko kurɓa ɗaya. Malam ya ce Allah ya amfana. Ba wanda ya taɓa kofi, idanunsu duk suna kan tebur, ni kuwa daɗi ya kama ni, na ce ashe abin ya burge su.

Malam Isufu ya zaro biro daga aljihu ya ɗaga kunnen zomon da shi, ya tambaye ni wannan fa. Na gyara zama na shiga bayani. Na ce kamun kifi nake yi da su. Alhaji ya ce to madalla, ina kifin? Ya tashi da kansa ya buɗe firij. Ba komai a ciki sai madara da ragowar kabewa. Na yi dariya na ce ai ba a kawowa gida, sakinsu ake yi.

"Bon," in ji Alhaji da Faransancinsu na mutanen Nijar, yana maganar a hankali kamar mai lissafi. "Kana tafiya bakin ruwa cikin daji, kai kaɗai, kowane ƙarshen mako, da gashin baƙin zakara. Ka kama kifi. Ka yi masa abin da za ka yi masa. Ka sake shi."

Na ce ƙwarai kuwa, Alhaji ya gane.

Har a lokacin ban farga ba. Sai ma na ce bari in nuna musu yadda ake yi, don gani ya fi. Na durƙusa gaban tebur na ɗaura ƙugiya. Na tsinko gashi daga kunnen zomo, na lashi yatsuna na murza shi a jikin zare, don sai da ɗan yawu yake kamawa. Na buɗe wata 'yar kwalba na zaro zaren gwal ɗin nan na zagaye jikin da shi. Na yi ƙulli, na ƙara wani, na ja ya ɗame. Na ɗiga masa gam. Sannan na kai bakina kusa, na hura masa iska, fuu, fuu, fuu, don ya bushe.

Ƙarar faɗuwar kujera na ji. Malam Isufu ya miƙe ya manne da bango, yana karanta Falaƙi da Nasi da ƙarfi. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san abin da aka faɗa game da masu tofi a cikin ƙulli, ni ma na sani, amma wallahi sai da na juya ina neman abin da ya tsorata shi. Alhaji bai motsa ba. Ya nuna ƙugiyar da haɓa ya tambaye ni zaren wane ne wannan.

"Na gyalen Hajiya ne," na ce, har da murmushina.



"Bawan Allah," in ji Alhaji yana dubana, "ka ji tsoron Allah. Matar nan jikoki gare ta. Tun ranar suna take ciwon kai. Mamman ya gaya mana abin da kake karɓa a gona, mata sun ga abin da ka yi da zaren nan. Me ta yi maka? In wani abu kake nema ka faɗa mini, amma ka kwance abin da ka ƙulla."

A lokacin ne na dubi ɗakina da idanunsu. Labule a sake da rana tsaka, hayaƙi, farin ƙyalle, baƙin zakara, zomo ba ido, ga ni durƙushe da zaren matar mutum da yawuna a jiki. Ko ni aka kawo in yi shari'a, da na ɗaure mai ɗakin nan. Gumi ya karyo mini, na ji da ƙasa za ta tsage da na shige. Amma wani abu ya fi kunyar zafi, kuma shi ne ya riga fitowa daga bakina. Ban ce ni ba boka ba ne, ban rantse ba. Cewa na yi:

"Wato ba ziyara kuka zo ba?"

Alhaji ya kau da kai. Na ga idonsa ya sauka kan kofunan, da takardar kanti har yanzu manne a gindinsu, ya koma kan tukunyar miya da na jera wa farantai. Ya sunkuyar da kai. Ni ma na sunkuyar da kai, don idona ya cika, kuma ban so a haɗa mini bokanci da kuka a rana ɗaya.

Daga nan na miƙe na ce su biyo ni. A bayan gidajenmu akwai wani kududdufi da ruwan sama ke taruwa, akwai ƙananan kifaye a ciki. Na ɗauki sanda na ɗaura ƙwaron nan, muka sauka, ni a gaba, dattawa biyu cikin manyan riguna a baya, maƙwabta suna leƙe daga baranda. Na wurga. Shiru. Na sake wurgawa. Shiru. Kifayen da kullum ke rububin ƙugiyata, ranar da mutuncina ke hannunsu sai suka tafi hutu. Ban taɓa yi wa kifi addu'a irin ta ranar ba. Malam Isufu har ya fara gyaran murya sai na ji an fizga. Na jawo wani ɗan kifi da bai fi tafin hannu ba, da zaren Hajiya a leɓensa.

Malam ya sunkuya ya duba shi gaba da baya. Ni kuma, da yake hannu ya saba, na zare ƙugiyar na tura shi ruwa.

"Ka gani ko, Alhaji," in ji Malam. "Ya kuma saki."

Nan Alhaji Mahamadu ya fashe da dariya. Ya yi ta yi har ya dafa wata mota a wurin fakin, yana share hawaye da hannun riga. Da ya lafa ya ce dama likita ya daɗe yana yi wa Hajiya faɗa a kan maganin hawan jini. Ya ba ni haƙuri, ya kuma ba ni, har na fara jin nauyinsa. Malam Isufu ma ya ba da haƙuri, amma ya ce duk da haka, don hankalin mata ya kwanta, gara a kwance ƙullin. A gabansa na sa reza na farke ƙwaron da ya fi kowanne kyau a duk waɗanda na taɓa ɗaurawa, ya karɓi zaren ya sa a aljihu. Muka koma sama suka kurɓi shayin a tsaye, ya riga ya huce, magariba kuma ta gabato. Miyar taushe ni na ci abata har ta ƙare. Da matata ta tambayi yadda baƙi suka ji miya, na ce sun yaba.

Kafin Juma'a labari ya gama gari, har sunana ya canza, na koma Bokan Kifi. Yanzu ana tsayawa a yi mini dariya a ƙofar masallaci kafin a dubi agogo, wannan ma ci gaba ne. Hajiya ta aiko mini da gyalen gaba ɗaya, ta ce in gaishe da kifaye. Kuma duk wanda ya yi yanka sai ya tuna da ni. Ina dawowa daga aiki in tarar da leda rataye a marikin ƙofata, gashin zabuwa ko na agwagwa, wani lokaci har da na talo-talo. Gashin da ke ɗakina yanzu ya ishe ni har in mutu. Mutane sun koyi hawa matakalata, ƙwanƙwasawar ce dai har yanzu ba su koya ba, kowa sauri yake yi.

Na dai koyi darasi. Idan kana yin abin da ba a saba gani ba, faɗa wa mutane da bakinka tun kafin su faɗa wa junansu, kuma kome kyan zare, in a jikin gyalen matar wani yake, bar shi. Sannan na gane cewa wanda ke jira a zo masa, sai ya koyi abin da fatsa ta koya mini. Ranar Asabar da yamma na daina zuwa ko'ina. Nakan ɗora ruwan shayi, in fito da kofunan nan masu bakin gwal, in ja kujerata kusa da ƙofa in zauna shiru ina saurare. Sau da yawa ba mai zuwa, in kashe wuta in mayar da kofuna. Amma wata ranar nakan ji taku a matakala, sai ƙarar leda. Kafin mutum ya gama ratayawa na buɗe ƙofa na kama hannunsa. Zai ce mota tana kan hanya, zai ce yara suna jira, ni dai ba na ji. Ba na riƙe shi da yawa. Kofi ɗaya zai sha, in dube shi da kyau, sannan in sake shi.